Ranar Da Na 'Yanta Kaina Daga Kanikawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yanke hukunci cewa ci gaban kowace al'umma da abu guda ake auna shi: yawan mazajen da za su iya canja wa motarsu filtar mai da hannunsu. Ba asibiti ba, ba jami'a ba, filta. A ofishin malamai na makarantar da nake koyar da Fiziks a Gashuwa na faɗi wannan magana, a tsaye, da alli a hannuna, kuma babu wanda ya musa mini (daga baya na gane ƙosai ake rabawa a lokacin).

Kanikawa ne suka kai ni ga haka. Ka kai musu mota tana ɗan tari, su buɗe bonet, su kewaye ta su yi tsit kamar masu zaman makoki, can babbansu ya nisa ya ce, "Sai an kwance." Bai taɓa faɗin abin da za a kwance ba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suke sayen kaya. Duk abin da za a canja, sai an ciro tsohon, an naɗe shi a tsumma, an tafi da shi shago, an kara shi da sabo, an leƙa, an zura yatsa. Wai samfur. Alhali kamfani ya zauna ya buga wa kowane ƙarfe lamba, ya rubuta a littafi, ya ajiye maka a aljihun gaban mota. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa mutumin da ke ɗaukar tsohon ƙarfe zuwa kasuwa bai da bambanci da mai zuwa wajen tela da tsohon wandonsa don bai san awonsa ba.

A makon ne za a ɗaura auren ƙanena Usman a Nguru, ranar Asabar da hantsi. Amaryar 'yar Alhaji Kyari ce, ɗan kasuwar hatsi, wanda a hannunsa na sayi motar tawa (a wajen cinikin ne ma Usman ya raka ni ya hango yarinyar, saboda haka har auren ina ganin da hannuna a ciki). Wakilin ango kuwa Baba Lawan ne, yayan marigayi mahaifinmu. Shi ya karɓar mini aure, shi ya karɓar wa duk mazan gidanmu, Usman ne auta, kuma ya yi wa ƙanensa alƙawari tun yana kwance cewa da bakinsa zai karɓa. Baba Lawan mutum ne da ke zuwa masallaci kafin ladan. A rayuwarsa ba a taɓa jiransa ba, kuma yana so a san da haka.

Bukar, ɗan gwaggona kuma taubashina, wanda ya ari motar a makon da ya gabata ya kai mata masu kai lefe, ya ce a sa Baba a bas ɗin 'yan ɗaurin aure da za ta tashi da sassafe. Na ce Allah ya kiyaye, ina da mota, wakilin ango ya shiga bas ana tura masa gwiwa a baya? Ni zan kai shi, kuma kafin nan zan yi wa motar juyen mai da kaina.

Bukar ya ce, "Farfesa, da ka bar motar nan yadda take."

Na ce, "Kai dai ka ji da alawa."

Ranar Alhamis na kwafi lambar filtar daga littafin mota, na nufi shagon kayan gyara. Mai shagon ko kallon takardar bai yi ba.

"Malam, ina tsohuwar?"

"Ba na buƙatar tsohuwa. Ga lamba."

Ya karɓa da yatsu biyu kamar na miƙa masa sammaci, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da kwalaye uku ya jera. "Wannan orijinal, wannan mai bi mata, wannan kuma sai addu'a. Amma da ka kawo samfur."

Na zaɓi orijinal, na kuma ba shi taƙaitaccen darasi kyauta kan dalilin da ya sa Turawa suka ƙirƙiro lamba. Ya saurara har ƙarshe, yana sakace.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, na jingina waya a jikin taya. A cikin bidiyon da nake bi, wani Bature ne mai farar riga yake aikin a gareji mai tsafta kamar ɗakin tiyata, yana murmushi. Na aika aka karɓo mini roba a cikin gida. Matata Yagana ta biyo ta har zaure.

"Malam, robar wankina ce fa."

"Yau ta samu ci gaba."

Na kwance noti, mai ya zubo. Ina jiran baƙi ƙirin irin na Baturen, sai ga shi garau kamar man gyaɗa. Na kira Yagana ta zo ta shaida.

"Kin ga amfanin tuƙi da ilimi? Wata nawa rabona da juye, dubi mai."

Ta leƙa, ta ce, "Ai Bukar..."

"Kada ki kawo mini sunan Bukar ina tsakiyar aikin injiniya."

Ta ce to, ta koma ciki. (Duk wanda ya yi aure ya san irin wannan "to" ɗin. Ni ma na san ta, amma a ranar kunnena na wajen Bature.)

Da na ciro tsohuwar filtar sai na ga 'yar siririya ce, tsaf da ita, sabuwar kuwa ƙatuwa. Mai hankali zai tsaya a nan ya yi tunani. Ni ma na yi tunanin, sai dai ga inda ya kai ni: kanikawa sun daɗe suna cutata da ƙaramar filta ta jabu, wadda ko datti ba ta iya kamawa, shi ya sa take fes. Na wurga ta kan akurkin kaji, na ji kamar na kori ɗan mulkin mallaka. Sabuwar ta ɗan shiga, ta cije. Bature ya ce da hannu kawai ake ɗaurewa, to amma shi Bature bai san ƙarfen da ya sha zafin Yobe ba. Na naɗa mata tsohon bel ɗina, na taka taya, na ja har sai da ta daina gardama. Na zuba sabon mai, na tayar, na leƙa: ko ɗigo. Na ɗauki hoto na tura wa malaman makarantarmu, na rubuta a ƙasa, "Ilimi a aikace."

Da safe na sa farar shaddata, na ɗauko Baba Lawan. Ya fito cikin babbar riga fara sol mai aiki har ƙasa, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga mota. Huhun goron ɗaurin aure na cikin but a bayan mota. Har muka wuce Jajimaji ina yi masa bayanin yadda mai ke zagaya inji kamar jini a jikin mutum, yana jan carbi yana cewa "Ikon Allah." Can ya nuna gabana da carbin.

"Ɗan nan, wannan 'yar jar butar da ta kama wuta fa?"

"Ba komai Baba, na'ura ce ba ta saba da sabuwar filta ba."

"To. Hayaƙin ma bai saba ba ne?"

Na taka birki. Da na fito na waiwaya, sai ga baƙin layi a kan kwalta tun daga inda ido ya ƙare har ƙarƙashin motata, miƙaƙƙe, ya fi duk wanda na taɓa ja a allo. Ban tsaya cire riga ba, na shige ƙarƙashi. Ina taɓa filtar ta ƙona ni, ta karkace, ragowar man da ke ciki ya sauko mini a fuska da ƙirji. Na rufe ido na lalubi abin da zan kama in fito, na samu, na ja. Gefen rigar Baba Lawan ne, ya sunkuyo yana duba ko ina da rai. Da na buɗe ido, ga tafin hannuna baƙi, yatsu biyar cif, a kan farar rigar wakilin ango.

Ya dubi rigar, ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa. Da ma ya zage ni.

Waya ta yi ƙara, Bukar ne. "Farfesa, liman ya zauna, mutane sun cika. Kuna ina?"

"Muna hanya."

"A kanta ko a gefenta?"

Duk motar da ta zo a cike take, direbobi na ɗaga mana hannu kamar masu ba da haƙuri a gidan rasuwa. Wadda ta tsaya daga ƙarshe akori-kura ce da ta ɗauko bandar kifi za ta kasuwar Nguru. Wani bawan Allah ya bar wa Baba kujerar gaba. Ni kuwa aka ce in hau sama, in zauna a hankali kada in farfasa musu kaya. Haka na shiga Nguru, a kan kwalayen tarwaɗa, rungume da huhun goro, 'yan acaɓa na bi na da kallo.

Mun tarar da jama'a a ƙofar gidan Alhaji Kyari, inuwar rumfa ta gudu ta bar rabinsu a rana. Liman na da wani ɗaurin auren a wata unguwa, an ba da shawarar wani ya tsaya a madadin Baba, Alhaji Kyari ya ce ko za a kai la'asar sai dattijon ya zo. Wato duk mutanen nan, da rawunansu da guminsu, ni suke jira ba su sani ba. Direban kifin kuwa, don ya kyauta, bai sauke mu a bakin titi ba, sai da ya kai mu har bakin tabarma.

Sanƙira ya ɗaga murya: "Wakilin ango ya iso! Ya iso tare da yayan ango, babban malamin kimiyya..." Ya dube ni sama da ƙasa. "...wanda ya taho kai tsaye daga wajen aiki!"

Baba Lawan ya zauna, ya naɗe gefen rigar a ƙarƙashin gwiwa, ya nemi aure da murya ko rawa babu, aka ba shi, aka shafa fatiha. Ƙudaje ne kawai suka nuna sun san ta inda ya biyo. Ni ina rakuɓe a bayan wata mota ina goge fuska da hula, sai na ji an ce Alhaji na kira.

"Wushe Malam, sannu da hanya. Me ya sami motar tawa?"

Da na ce ƙaddara ce, da an wuce wurin. Amma malami ba ya ganin taro ya ƙyale. Na gyara tsayuwa na bayyana cewa aikin da na yi daidai ne, lambar da littafin motar ya ce ita na saya, matsalar ƙasar nan jabun kaya ne.

"Wane littafi?"

"Na cikin motar, Alhaji."

Ya riƙe haɓa. "Malam, ai injin nan ba nata ba ne. Nata ya mutu a yashin hanyar Machina, na sa aka ɗora mata na wata ƙaramar mota. Na gaya maka ranar ciniki. Kana ta karatun littafin nan kana ce mini na'am, na'am."

A hankali ya faɗa, don mutum ne mai kara. Sai dai aikin sanƙira shi ne duk abin da babban mutum ya faɗa a taro ya ɗaga shi kowa ya ji, kuma wannan sanƙiran ba ya wasa da aikinsa.

"Alhaji ya ce injin ba nata ba ne!"

Na ce, "A'a, dakata..."

"Ya ce ya gaya masa tun ranar ciniki! Ya ce Malam na karatu!"

Har matan da ke cikin gida sai da na jiyo dariyarsu ta kan katanga. Bukar ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki, yana cewa a taimaka a ba Farfesa goro biyu, ɗaya nasa ɗaya na littafin. Baba Lawan ya taso zai wuce, ya tsaya a gabana, shatin hannuna na nan a rigarsa (yana nan kuma a duk hotunan bikin, an wanke an rataye a falon Usman).

"Ɗan nan, karatunka da yawa, Allah ya sa albarka. Ni a bas zan koma."

Darasin da na koya? Har gobe ina nan kan bakana cewa lamba ta fi tsumma. Abin da na ƙara sani shi ne lamba ta motar da ta fito daga kamfani ce, motocinmu kuwa kowace ta yi aure-aure a hanya kafin ta iso hannunka, kuma in mai sayarwa na magana, a rufe littafi. A ofishin malamai yanzu in ana zancen ci gaban al'umma, ƙosaina nake ci.

Washegarin ɗaurin auren na koma Jajimaji da bakanike. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya nisa, na jira ya ce sai an kwance. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina tsohuwar?" Na kira Yagana na roƙe ta ta sa a duba kan akurki, a naɗe abin da aka gani a tsumma a ba direban Nguru. Ta ce to, sannan ta tambaya ko yanzu an yarda ta ƙarasa maganar da ta fara ranar Juma'a. Na ce ta ƙarasa.

Ashe ranar da Bukar ya dawo daga kai lefe, ya biya gareji ya sa an yi wa motar juye don ya gode mini. Filtar da na wurga wa kaji ko sati ba ta yi ba.