Kututturen Majalisar Dajin Kwari Hamsin

A Dajin Kwari Hamsin babu sarki, kuma ko ba ka tambaya ba sai mazaunansa sun faɗa maka. Duk bayan damina huɗu sukan zaɓi Mikiya guda ta hau kuka mafi tsayi. Dokoki kuwa majalisa ce ke yi, can kan tudu: rabin kujerun na Giwaye, rabi na Jakuna.

A tsakiyar zauren akwai wani kututture. Al'adarsu ita ce, duk ɗan majalisar da ya hau kansa ba mai katse shi, ba a kuma jefa ƙuri'a muddin bakinsa yana motsi. 'Yancin magana suke kiran abin.

Ana saura wata guda zaɓe, damina ta yi nisa, sai ga Gwaggo Gafiya daga kwarin da ke can ƙasa, jikinta duk taɓo.

"Ranku ya daɗe, madatsar ruwan da ke saman gidajenmu ta tsage. Da idona na gani. 'Ya'yana tara suna cikin rami, a taimaka."

Auraki, jagoran Jakuna, ya yi wuf ya gabatar da ƙudurin gyara. Kowa ya gyaɗa kai, har Giwayen. Sai jagoransu Toro ya raɗa wa na kusa da shi, "Gyara kam dole ne. Amma da sunan jaki, ana gab da zaɓe? Haba!"

Ya taka ya hau kututture.

"Ya ku masu girma, ba wanda ya kai ni son talaka. Amma kafin mu taɓa madatsa, mu tambayi kanmu: mene ne ruwa?"

Kwana uku yana bayanin ruwa. Ya lissafa kogunan da kakansa ya sha, ya karanto sunayen ciyayi, ya koya musu yadda ake ɓare ɗan giginya. Gafiya tana bakin ƙofa tana kallon hadari.

A rana ta huɗu muryarsa ta dushe, ya sauko yana tangaɗi. Gafiya ta ruga wajen Auraki.

"Alhamdu lillahi! Yallaɓai, a jefa ƙuri'ar."

"Yanzun nan, Gwaggo," in ji shi.

Kafin ya motsa, Aku mai yawo da labarai ta sauka a kafaɗarsa. "Yallaɓai, daji ya ɗauki zafi. Duk yinin da aka ƙara babu gyara, kwari guda ke juya wa Giwaye baya."

Auraki ya miƙe kunnuwa. "Guda? Kullum?"

Shi ma ya hau kututture.

"'Yan'uwana, tarihi ba zai yafe wa waɗanda suka ɓata mana kwana uku ba! Bari in yi muku dalla-dalla yadda suka ɓata su."

Dalla-dallar ta ci kwana biyar. Gafiya ta yi ihu daga ƙofa, "Yallaɓai, ai kai ka kawo ƙudurin!" Masu gadi suka fitar da ita saboda ta keta 'yancin magana.

Madatsar ta ɓalle ranar Laraba da hantsi. Daga kan tudu ƙarar ba ta fi tari ba.

Washegari majalisa ta cika maƙil. Mikiya ta aiko da saƙo cewa zuciyarta da addu'o'inta suna tare da mutanen kwari. Aka yi shiru na minti guda domin waɗanda ruwa ya ci, sannan aka jefa ƙuri'a. Ƙudurin gyara ya wuce ba hamayya. Toro ya rungumi Auraki, Aku ta tashi da albishir: dattawa sun ajiye gaba saboda talaka.

Suna fitowa suka tarar da Gafiya a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, da 'ya'ya biyu a bayanta.

"Gwaggo, albishirinki!" in ji Auraki. "Za a gyara madatsa."

Ta dube shi, ta dubi Toro. "Wace madatsar, ranku ya daɗe?"

Suka kalli juna. Toro ya gyara murya.

"Tambaya mai muhimmanci. Za mu kafa kwamiti ya gano."