Tulun Dakta Ƙanƙara

Duk wanda ya ce Madina ta yi ƙarancin masana, to bai haɗu da taubashina Sharfuddeen ba. Mutum ne wanda ko atishawa ya yi, sai ya ɗan dakata don a samu damar amfana. A titin Sultana kayan gyaran mota yake sayarwa, amma wannan ɓad-da-kama ce irin ta manya. Ainihin muƙaminsa, wanda ya naɗa kansa kuma ya taya kansa murna, shi ne Mudirin Adana Irin Karnukan Farauta na Hijaz da Kewaye. Mu a dangi Dakta Ƙanƙara muke ce masa. Yana amsawa kuwa, tunda Dakta ne a gaba.

Tushen wannan ɗaukaka wani tsohon saluki ne mai suna Barƙu, karen farauta da wani Balarabe ya gaji da ciyarwa ya sakar masa. Ramammen kare, daga Bi'ir Ali, can bayan gari, kana hango haƙarƙarinsa.

"Ya'ani, wannan ba kare ba ne, tarihi ne mai ƙafa huɗu," in ji Dakta. "Kakansa ya je ya kamo barewa ya dawo, inuwarsa ba ta ma tashi daga kwance ba."

Mu dai abin da muka shaida, Barƙu ya taɓa bin wata mage. Magen ta tsaya, shi ma ya tsaya, suka rabu cikin mutunci.

Da tsufa ya ci ƙarfin tarihi, Dakta ya kai shi Jidda wurin likitan dabbobi, a kujerar gaba. Aka ɗebi irinsa, aka ɗura a 'yan bututai sirara kamar tsinken tsire, aka nutsa su cikin wani tulun ƙarfe mai ruwan sanyi, wanda in an buɗe sai farin hayaƙi ya taso. Likita ya ce a bar musu ajiyar. Dakta ya ce ina, gado ba ya kwana a gidan baƙo. Ya sayi tulun sukutum ya taho da shi, don abin da ke Jidda ba ya burge maƙwabta a Madina. Ba a daɗe ba Barƙu ya mutu. Duk zuriyarsa ta rage a tulu.

Tulun ya samu wuri a majalisin gida, wato ɗakin baƙi, an lulluɓe shi da jan ƙyalle mai geza, ana yi masa turaren wuta. Mahaifiyarsa, Gwaggo Tasallah, wadda ko inuwar Barƙu ba ta taɓa bari ta ƙetare ƙofarta ba, ta tambayi mene ne a ciki.

"Yumma, ilimi ne. Ba za ki gane ba."

Ta ce Allah ya sa albarka a ilimi. Har ƙura take goge masa.

To, a Khaibar, can arewa da Madina, akwai wani manomin dabino, Abu Hamid, mai karya ta asali. A tantinsa mafarauta ke taruwa, kuma shekara da shekaru Dakta ba shi da burin da ya wuce a ce ya samu shiga wannan tanti. Da ƙyar, da naci, Abu Hamid ya yarda zai zo da abokansa su ga tulun a ƙulla zancen haɗa iri.

Ranar da za su zo, Dakta ya saka alkyabba mai bakin zinariya, ya tsaya gaban madubi yana gwajin jawabi da muryar da ta fi ta mai tallan gas.

"Ya jama'a! A cikin tulun nan, a cikin gidan nan mai albarka, karnuka dubu ne ke barci! Ruwan bayan Barƙu ne, tsantsarsa, ba gauraye!"

Baki shi ke yanka wuya. Gwaggo tana kicin tana naɗe sambusa, ba harafin da ya wuce ta.

Yana fita tarbo baƙi, ta kira ƙanwarsa Sundus, suka kinkimi ilimi zuwa saman bene. Suka kifar. Hayaƙi ya turnuƙe har tattabarun unguwa suka yi hijira.

"A'uzu billahi! Ashe har aljanu ya ajiye mini!" in ji Gwaggo.

Da awartakin gawayi aka kwashe bututan zuwa shara. Sai wanki: sau bakwai, na farko da ƙasa, kamar yadda ake yi wa kwanon da kare ya lasa. Da tulun ya tsarkaka, Gwaggo ta dube shi da kyau, ta ga ƙarfe mai kyau mai riƙe sanyi, ga baƙi na tafe, ga rana na dukan kare. Ta cika shi da farar sobiya, kunun sanyin nan na mutanen Hijaz, ta mayar, ta lulluɓe.

Baƙi suka zauna. Dakta ya yi jawabinsa har da ƙari, ya saka safar hannu, ya ce kowa ya ja baya, hayaƙin ba na masu raunin zuciya ba ne. Ya buɗe. Ba hayaƙi. Ya karkata tulun don ya leƙa, sai farin abu mai kauri ya kwararo, ya cika faranti, yana neman kafet.

Abu Hamid ya gyara zama. "Ma sha Allah! Duk wannan, kare ɗaya?"

Daga bayan labule muryar Gwaggo ta fito. "Ku sha, 'ya'yana, halas, na tsarkake shi. Ƙazantar tana shara. Kai kuma Sharfu, in baƙi sun tafi, akwai kafet."

Ɗaya daga cikin baƙin ya shaƙe da dariya har aka bubbuga masa baya. Abu Hamid, da yake mutum ne mai kara, ya ɗanɗana don kada uwa ta ji kunya. Ya ƙara kofi. Ya ƙara wani. Ya rantse tun rasuwar kakarsa bai sha irinta ba, ya roƙi Hajiya ta riƙa aika masa.

Kada mahassada su ce burin Dakta bai cika ba. Yanzu duk ranar taro yana cikin tantin Khaibar, da alkyabbarsa, tun farko har ƙarshe. Shi ke zuba wa mutane sobiya.