Hotunan Bikin Talatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar Lahadin nan a falon Mama Laraba ba, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ƙasar ta ƙi.

Mama Laraba maƙwabciyata ce a Dutse Alhaji, 'yar Filato, shara take yi a wata ma'aikatar gwamnati. Tun da na zo Abuja ina gwauro ta ɗauke ni kamar ɗanta. Ita Kirista, ni Musulmi, amma da azumi kunun buɗa bakina daga kicin ɗinta yake fitowa. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba: hoto. Kana ɗaga waya za ta rufe fuska da gefen zani.

Ana saura kwanaki bikin 'yarta Talatu na sayi sabuwar waya mai ido uku a baya. Na zauna na karance bayaninta kaf (ni fa ko takardar magani ba na karantawa). Babban idon shi ke ɗaukar launi, amma yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya tara haske, shi ya sa in mutum ya motsa hoton yake dishewa. Wani ƙarami a gefensa kuma bai san launi ba, motsi kawai yake cafkewa cikin ƙiftawar ido. Sai wayar ta haɗa aikin biyun, hoto ya fito tas. Duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni a makon nan sai ya sha wannan lacca.

Da na ji Bulus, yayan Talatu, yana cigiyar mai hoto, na dafa kafaɗarsa na ce, “Ina raye za ku nemo wani? Ko Mama ta yi tsalle sai wayar nan ta kama ta a sama.”

“Oga, ka tabbata?”

“Bulus, kimiyya ce.”

Ana gobe biki, a cikin cunkoson motoci wajen Durumi, na saya wa wayar riga mai ruwan zinare a hannun wani mai talla. Ta ɗan matse, na danna ta da ƙarfi ta shiga.

An yi liyafa a wani zaure a Kuje. An ɗauke wuta, janareta yana ba da haske kaɗan-kaɗan. Mama ta daɗe ba ta da lafiya, ta rame, kowa ya ɗauka a kujera za ta wuni. Amma da makaɗa suka juya kiɗan garinsu, sai ta miƙe. Ta yar da sandarta, ta ɗaga hannu biyu, ta shiga fili tana juyi, Talatu na biye da ita tana kuka tana dariya. Mama ta hango ni, a karon farko ba ta rufe fuska ba. Ta ce, “Ɗana, ɗauka! Yau na yarda!”

Na ɗauka kuwa. Na durƙusa, na hau kujera, har na ture wata dattijuwa daga hanya. Ban tsaya duba ko ɗaya ba (mai kimiyya ai ba ya shakka), har batir ya mutu.

Washegari bayan sun dawo daga coci, dangi suka cika falon, har da waɗanda za su koma Filato da yamma. Na sa caji, na haɗa wayar da talabijin, na gyara tsayuwa, na ma sake taƙaita musu laccar ido uku. Sannan na danna.

Hoton farko ya fito. Wani abu ne ja da fari kamar an shafa manja a bango. Na ce wannan gwaji ne. Na biyu, ango da kai biyu. Na uku, Mama ce, amma babu fuska, sai zane-zanen atamfa da wani hazo inda murmushinta ya kamata ya kasance. Na yi ta wucewa. Abin da ya fito tas a duk bikin shi ne kulolin shinkafa, don su kaɗai ne ba su motsa ba.

Wayar ta ɗauki zafi, na zare rigar don ta sha iska, sai na gani da idona: rigar ta wata waya ce daban, ta toshe ƙaramin idon ruf. Ido ɗayan da na yi mako ina wa'azi a kansa, ni na ɗaure masa fuska da hannuna.

Mama ce ta cece ni. Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Ku bar yaro na. Rawa na ne ya fi ƙarfin waya.” Kowa ya dara. Talatu ba ta dara ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ba a yi wata biyu ba Mama ta rasu.

Da aka zo buga takardar jana'iza aka nemi hotonta, aka rasa. A ƙarshe na katin wurin aiki aka faɗaɗa, wanda ta ɗaure fuska a ciki kamar an kama ta da laifi. Matar da ban taɓa ganin ta murtuke ba, haka aka liƙa ta a ƙofar coci. Na tsaya a waje ina kallonsa, ina jin mutane na cewa bai yi kama da ita ba.

Bayan an watse na je na ba Talatu haƙuri, na ce zan goge hotunan. Ta riƙe mini hannu ta ce, “Yaya, kar ka goge. Tura mini duka. Ni na san inda fuskarta take.”

Na tura mata. Abin da na koya kuwa: in ka sayi sabon abu, gwada shi a kan akuyar maƙwabta kafin ka buɗe baki. Mutanen da kake ƙauna kuma, roƙe su ka ɗauke su a ranar da babu biki, suna zaune suna tsince shinkafa.