Fulawata da Akuyar Inna

Har gobe ba zan manta da wuƙar nan a hannun Kawu Sale ba. Yana tsugune yana wasa ta a jikin dutse, akuyar Inna kwance a tsakar gida tana kumfa, ni kuma ina tsaye riƙe da waya kamar ɗan kallo.

Bari in koma baya. Shekarar da kwanon masara ya fara gagarar mutane ce. Na yi niyyar kai wa kakata Inna shinkafa ƙauyenmu, can bayan Bici. Na shiga kasuwa, na ji farashi, na fito salin alin. A hanya, wajen Rijiyar Zaki, na tsaya gun masu sayar da fulawa, wato furannin ado, a bakin titi. Mai fulawar ya ce, "Yallaɓai, yanzu ne lokacin dashe, da sanyi rana ba ta ƙona su." (Yallaɓai ɗin nan ne ya cuce ni.) Na kwashi masu jan fure da dogon ganye siriri. Gaskiyar magana, su aljihuna ya iya, kuma ba na so in shiga garin hannu rabbana.

Inna na jin ɗumi a bakin murhu na sauke su. Ta juya ganyen, ta shinshina.

"Maigidan, miyar me ake yi da wannan?"

Na ce, "Ke dai bari su girma, ki sha mamaki."

Na haƙa ramuka a jikin katanga, na jera su. Kawu Sale, ƙanen babana, ya leƙo ya ce in kewaye su da ƙaya, an gama girbi, an saki dabbobi. Ba wai ban sani ba ne. Kawai dai ƙaya za ta ɓata hoto. Na ɗauka, na ɗora a sitatus, na rubuta "ƙauye ma ya cancanci kyau". (Allah ya yafe min wannan rubutun.)

Washegari da hantsi akuyar ta faɗi. Ita kaɗai Inna ke da ita, ga ta da tsohon ciki, kuma da ɗan da za ta haifa Inna ke sa ran sayen takin damina. Maƙwabta suka cika gidan. Kawu ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Sai Malam Idi, limamin unguwar, ya ce a dakata.

"Me ta ci? In guba ce, naman ma ba zai ciwu ba."

Ido ya koma jikin katanga, inda fulawata ta zama tsinke.

"Ɗan birni, wannan ganyen magani ne?"

"A'a, Malam."

"To ci ake yi?"

Na ji muryata ta ƙanƙance. "Kallo ake yi."

Wallahi da dariya suka yi da ya fi min sauƙi. Wata tsohuwa ta maimaita a hankali, "Kallo," kamar tana auna nauyin kalmar.

Inna ce ta ce a mayar da wuƙar. Ta daka gawayi, ta haɗa da man gyaɗan miyarta, ta ce, "Riƙe min bakinta, maigidan, tunda kai ka yi mata girkin." Na durƙusa da farar shaddata, ta ɗura mata.

Akuyar ta tashi, amma ta yi ɓari. Daminar nan gonar Inna tokar murhu da kashin akuya kawai ta gani. Ragowar fulawar kuwa, a ranar na tumɓuke na watsa a tsohon rami.

Da na koma da sallah (da ƴar shinkafa a leda wannan karon, ba hoto), sai na hango jan fure a saman katanga, cikin fasasshiyar tukunya, inda akuya ba ta kaiwa. Ashe ta tsinci guda ɗaya. Ragowar ruwan alwalarta take zuba mata.

"Inna, wannan abin da ya jawo miki asara?"

Ta ce, "Asarar daban. Wannan ai miji ne ya kawo min. Kuma na gwada kallon, ba laifi."

Ni dai na koyi saka ƙaya. Abin da na kasa ganewa har yau, shi na kawo gare ku: tsarabar nan, don Inna na saye ta, ko don kada a ce na zo ba komai? Ku fa, in kun je gida, don wa kuke yin tsaraba?