Ranar da Na Kama Ɓarawon Akuya a Littafi

Wata uku da fara koyon boko, ina ji da kaina, na tsinci littafin rubutun Malam Isa, mai neman ƙanwata, a rumfata ta goro. Da ƙyar na haɗa baƙaƙen: "Ni na sace akuyar, na cinye ta."

Na ruga ƙofar masallacin unguwarmu ta Sabo, na karanta wa dattawa, na ce an fasa aure.

Malam Isa ya ce, "Yaya, ƙagaggen labari ne. Tauraron ke ba da labarin da bakinsa, ba ni ba. Juya shafi."

Na juya. Ashe kura ce ke magana.

An ɗaura auren. Har yau in akuya ta ɓata a unguwa, sai a aiko mini yara wai in duba littafi.