Zazzaɓin Zakin Kinkinau

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki? An ce mana saura ƙiris mu ci gumbarka."

"Jiki ya yi sauƙi. Gumba kuwa ki cire rai, baiwa ba ta gadon ubangidanta."

Aziza ce ta shigo falon Sharhabil a Kinkinau da hantsin Asabar, goye da jariri, hannunta riƙe da gorar roba a cikin baƙar leda. Yawon arba'in ta fito. Ita 'yar Gwaggo Turai ce, shi kuwa ɗan marigayi Malam Yusha'u ne, wan Gwaggon. Taubasai ke nan, ɗan namiji da 'yar mace, shi ubangida ita baiwa a wasansu, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sai dai yau bakin Sharhabil ya yi nauyi. Jaririn nan sunan mahaifinsa ya ci, ana ce masa Baba, kuma ranar suna dangi kaf sun hallara a Rafin Guza ban da shi. Saƙo ya aika wai zazzaɓi ya kayar da shi.

Zazzaɓin nan, tsakanina da ku, ko sauro bai san da shi ba. Mutumin namu babban ma'aikaci ne, ga tumbi ga furfura a gemu, amma akwai wani gem, wasan yaƙi, da yake bugawa a waya inda ake kiransa Zakin Kinkinau. A can yana da takobi mai gurabe, ana dasa musu duwatsu don ƙara ƙarfi. Ƙananan duwatsu ake tarawa a kai maƙera a narka su zama babba, in an yi rashin sa'a duk su tarwatse. Safiyar suna ta zo daidai da ranar da maƙerar ta ninka sa'a. Ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya zauna a bakin gado da niyyar gwadawa sau ɗaya. Da ya ɗago kai an daɗe da raba goro. Kunya ta hana shi zuwa a makare, ƙarya ta hana shi zuwa da yamma, daga nan kowace rana ta fi jiya wuya.

Aziza ta dire gorar a gabansa. Ta ce saƙon Gwaggo ne, jiƙon maɗaci da ganyen darbejiya, da hannunta ta haɗa, kuma ta ce a shanye a gaban ɗan aike.

"Ai na warke."

"Ita ma ta ce za ka ce haka. Wai tun kana yaro sai an danne ka."

"A ajiye, zan sha bayan la'asar."

"Zan jira la'asar ɗin. Mai jego ba ta da ofis."

Matarsa Dije ta kawo ruwa da lemo, ta yi wa jariri wasa a tsaitsaye, ta koma kicin da saurin da ya nuna ta san abin da ke cikin tukunya. Ana haka wayar Sharhabil da ke caji a hannun kujera ta yi wata ƙara irin ta guduma a kan ƙarfe. Ya kai hannu, Aziza ta riga shi. Abokiyar wasa ce, ko hularsa ta cire ba shi da bakin magana.

"Wannan fa? Aikin gwamnati ne?"

"Na yara ne. Su suka sa mini."

"Yaran nan suna da ƙoƙari. Har sun iya sa wa kansu suna Zakin Kinkinau." Ta shafa fuskar wayar da yatsa kamar wadda ta san hanya. "Bari mu ga takobin zaki. Ja, ja, ja, ja. Sulke ma ja. Kai ɗan Kawu, miyar tattasai kake haɗawa?"

"Ke me kika sani? Jan dutse shi ne ƙarfin sara."

"Shuɗi kuma kariya, kore ya ƙara maka jini. Ko ɗaya ba ka sa ba."

"Namiji ba ya ɓuya a bayan garkuwa."

"Shi ya sa namiji ke riga kowa faɗuwa. Ana buga gangar yaƙi, kafin a ce kwabo zaki ya miƙe ƙafa yana kiran a tashe shi."

"Sadauki shi ke shiga gaba."

"Ragon layya ma shi ke shiga gaba."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Can kuma ya tsaya, don ya tuna bai taɓa gaya wa kowa a dangi yadda yaƙinsa ke ƙarewa ba. Ya tambaye ta wa ya ba ta labari. Maimakon ta amsa sai ta taɓa babban dutsen da ke tsakiyar takobin, ja wur, yana walƙiya shi kaɗai. Ta ce wannan ai ba na yara ba ne, irinsa in ya fito daga maƙera sai an shelanta wa duk wanda ke cikin gem ɗin, da sunan mai shi a rubuce a saman waya.

"Haka ake yi," in ji shi a hankali.

"Na sani. Ina zaune a ɗakin Gwaggo, an yi mini lalle, mata sun cika tsakar gida. Liman na waje yana addu'a. Na ɗauki waya in ga ko ɗan Kawu ya kira ya ce yana hanya. Sai ga shela ta gilma: Zakin Kinkinau ya yi nasarar haɗa babban jan dutse."

"Kinkinau fa unguwa ce babba. Zakuna sun yi yawa."

"Masu rubuta 'insha Allahu rabbi' kafin kowane sara? Kai ka sa mini gem ɗin nan da hannunka tun waccan sallar, ka ce ko zan rage surutu. Ka manta. Wa kake tsammani Kurciya?"

Nan ne gumi ya karyo masa. Kurciya ita ce mai maganin rundunarsu, wadda ke bin sa a baya tana tashinsa duk lokacin da ya faɗi. Ya sha yabonta, ya sha yi mata faɗa in ta makara. Ya taɓa ce wa 'yan runduna da matan danginsa na da rabin hankalin Kurciya da an huta.

"Ƙarya kike yi."

"Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma ba nawa ba. Na rubuta maka barka a ranar. Ka tuna amsarka?"

Ya tuna. Ya so a ce bai tuna ba.

"Ka ce, 'Na gode Kurciya, yau ranar farin cikina ce.' Ni da na haihu ni na yi maka barka."

Sharhabil ya kai hannu ka. Shi da ba a taɓa kayar da shi a baki ba, sai ga shi yana gyara zaman hular da ba ta kansa. Ya gwada cewa ai mara lafiya ma yana riƙe waya. Ta ce ƙwarai, har ma ya yi ta tsalle da doki a bakin maƙera yana zagaya mutane don su ga takobi. Ya ce baiwa ba ta tuhumar ubangida. Ta ce yau baiwa ta kama ubangida da hannu a cikin tukunya, rana ɗaya ta mai kaya ke nan.

Daga nan muryarta ta sauka, wasan ya ja baya kaɗan. Ta ce da aka faɗi sunan yaro Gwaggo ta leƙa zaure tana neman fuska ɗaya, ta ɗan wanta, ba ta gani ba. Ta koma ɗaki ta yi kuka. Da saƙon zazzaɓi ya iso sai ta share hawaye ta ce Allah sarki, ashe yaron kwance yake, ita tana nan tana zarginsa. Har sadakar ƙosai ta bayar don ya tashi.

"Kin gaya mata?"

"Tukuna. Daga nan can zan koma. Za ta tambaye ni yadda na same ka."

Wannan shi ne abin da yake tsoro tun ranar. In Gwaggo Turai ta ji, ba zagi za ta yi ba, da ma zagin ne da sauƙi. Shiru za ta yi, ta ci gaba da amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo, ita da ta rage masa a madadin uba.

"Faɗi abin da kike so. Atamfa? Leshi?"

"Akwatina ya cika, mutanen da suka zo suna sun kawo."

"To dutsen. Zan ciro shi in tura miki."

"Ka san in an ciro shi gurbin ya fashe, takobin ya zama na yankan kubewa."

"Na sani."

"Ashe da gaske jikin ya yi tsanani." Ta kwance goyo, ta juyo da jaririn. "Riƙe dutsenka tukuna. Ni ba ni ka yi wa ba. Miƙo hannu."

Ta ɗora masa yaron. Wannan ne karo na farko da ya gan shi ido da ido. Ɗan mitsitsi ne, an sa masa kwalli, yana ƙamshin turaren wuta, goshinsa a tattare kamar mai shirin yin faɗa. Haka Malam Yusha'u ke tattare goshi in ya dawo daga kasuwa ya tarar ba a yi sallah ba.

"Ga babanka nan," in ji Aziza. "Gaishe shi. Sannan ka ba shi labarin zazzaɓin, ni ba ruwana."

Sharhabil ya buɗe baki. Sunan yaron ba ya faɗuwa a bakinsa, sunan mahaifi ne, dole sai dai ya kira shi yadda ya saba kiran mai sunan. Ya ce, "Baba, ina kwana." Yaron ya buɗe ido ya zuba masa. Ko motsin cokali an daina ji daga kicin.

"Baba," ya sake cewa. "Lafiyata ƙalau ranar. Wasa na tsaya yi."

Aziza ta juya kai wajen taga ta ɗan daɗe tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Da ta juyo idonta ya yi ja, amma bakin yana nan yadda yake.

"To Baba ya ji. Ya ce a turo dutsen."

Ya ɗauki wayar da hannu ɗaya, ɗayan na tallafe da yaro. Gem ɗin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya danna. Aka ji ƙarar fashewa, takobin ya dushe. Wayar Aziza ta yi ƙara a cikin jaka.

"Me mai magani za ta yi da jan dutse ma?" ya tambaya.

"Maƙera zan kai shi a mayar mini da shi kore. In ya tarwatse, Allah ya kawo wani."

"Aziza, ki ji tsoron Allah."

Sai a lokacin ta yi dariya, irin wadda ta sa Dije ta leƙo. Ta ce Gwaggo ba za ta ji komai daga bakinta ba, amma ita ba za ta kai rahoton jikin kowa ba. Mai jiki ya tashi ya sa hula ya kai kansa, zumunta a ƙafa take. Kuma shi zai riƙe Baba har Rafin Guza.

"Na yarda. Dije, miƙo mini hula da makullin mota."

"Saura abu ɗaya." Ta tura masa gorar da ƙafa. "Tsohuwa ta tsaya a rana ta haɗa wannan saboda kai. Ba zan mayar mata da shi a cike ba."

Ya dubi gorar, ya dubi yaron da har yanzu bai saki goshi ba. Ya buɗe murfin da haƙori, ya yi bismillah, ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ga ƙasan gorar, kuma bai ce da ɗaci ba.