Faransancin da Na Yi a Bakin Iyaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na yi Faransanci a bakin iyaka. Zamanin Turawa ne, ina sayen fata a kasuwar Azare, kuma duk unguwarmu ba wanda ya kama ƙafata a sanin ƙasashen waje. Dalili kuwa, na taɓa zuwa Lami, can ƙasar da Faransi ke mulki. (Zazzaɓi ya kayar da ni tun a Dikwa, a kwance kan buhunan kanwa aka shiga da ni, a kwance aka fito da ni. Amma wannan ba ya cikin labarin da nake bayarwa a majalisa.)

Abin da na tsinto a tafiyar kalma biyu ce rak: "wi", wato i, sai kuma "mushe". Kada ka yi dariya, a wurinsu mushe babban mutum ne, ba abincin ungulu ba. Da waɗannan biyun na yi shekaru ina ba mutanen ƙasar Katagum fatawa.

Ana nan sai aminina Malam Hammadu, mutumin Bulkachuwa, ya yi niyyar hajji ta ƙasa, shi da amaryarsa Hauwa. Wa zai nema in ba gwani ba? Ya zo zaurena, na gyara zama.

Na ce, "Da farko ku je a yi muku lambar rigakafi tun a gida, in ba haka ba a tsare ku a hanya. Guzuri kuma wanda ba ya lalacewa: ƙuli-ƙuli, kilishi, garin gero. Kada ka karɓi ƙunshin wanda ba ka sani ba, ko da yana kuka. Abokin tafiya ɗan'uwa ne, kada ka wulaƙanta shi a gaban baƙi. Mace kuma a hanya ba a ba ta baki, kai ne harshenta."

Matata Dije tana bayan zana tana tankaɗe, na ji ta yi gyaran murya. Na ɗauka tsaki ne ya shiga mata maƙogwaro.

"To, Turawan can fa?" in ji Hammadu. "Ni daga Hausa sai Fulatanci."

Na ce, "Wannan ka bar mini. Ni zan raka ku har Lami."

Dije ta ce ita ma za ta bi mu ta ga yayanta da ke zaune can. Haka muka hau motar kaya mu huɗu, ta Fataskum da Yarwa. Ni na shige gaba kusa da direba, tunda gwani ba ya zama a baya, na kuma roƙar wa amarya wuri inda rumfa take. Dije aka bari a can ƙarshe bisa kaya, ƙurar hanya ta yi mata furfurar da Allah bai riga ya ba ta ba.

A bakin iyaka aka jera mu gaban wani Bafaranshe mai jan wuya, yana zaune a rumfar kara. Kusa da shi ga wani dogon soja baƙar fata mai jar hula. Sojan ya ce mini da Hausa tsantsa, "Malam, in yi maka tafinta?"

Na ɗaga masa hannu. "Huta abinka, samari. Mun saba."

Bature ya nuna Hauwa da alƙalami, ya yi wani guri-guri, ya dube ni. Na tabbata cewa yake, tare kuke? Na ce, "Wi, mushe." Ya nuna Dije, ya sake yin guri-gurinsa. "Wi, mushe!" Har ya ɗan sunkuyar mata da kai, na ce a raina, ka ga mutane masu tarbiyya. Ya nuna Hammadu. A nan na ji kamar ya ce "boyi", amma na ɗauka wata kalmar girmamawa ce, dangin mushe. Na daki ƙirji na ce, "Wi, wi, mushe!"

Na juya na dubi mutanen motarmu, don su shaida.

Ashe ƙa'idarsu ce, kafin a buga hatimi sai soja ya maimaita wa kowa abin da aka faɗa. Ya buɗe murya kamar mai shela ranar kasuwa:

"Wannan mutum ya ce yarinyar nan matarsa ce. Tsohuwar nan uwarsa ce. Wannan kuma baransa ne, mai ɗaukar masa kaya. Haka ne?"

Sai wani Babarbare a bayan layi ya fashe da dariya, sauran suka kama. Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Hammadu, wanda muka yi shekara ashirin tare ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Wato rakiyar da ka yi mana ke nan? Shi ya sa ka nema mata wuri a inuwa?"

Na buɗe baki in yi bayani. Wallahi abin da ya fito shi ne "wi".

Dije ce ta cece ni, ita da na ce ba a ba mace baki. Ta matsa gaban soja, ta kaɗe ƙurar kanta, ta ce, "Ɗan'uwa, gaya wa Bature yarinyar matar wancan malamin ce, hajji za su. Ni kuma ban haifi wannan ba. Da ni na haife shi, da na koya masa yin shiru."

Soja ya fassara, har da ƙarshen. Bature ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya mai da mu ƙarshen layi, cikin rana.

Har muka ƙetare kogi muka shiga Lami Hammadu bai huce ba. Sai ranar da za su wuce gabas ya kama hannuna ya ce ya yafe, don ba ya so ya isa Makka da ni a zuciyarsa. Da ya dawo bayan shekara biyu, a ƙofar zaurena ya tsaya, gaban jama'a, ya ce, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe, baranka ya dawo. Ina kayan da za a ɗauka?"

Ita kuwa Dije ba ta yi yaji ba, abin da ta yi ya fi yaji zafi. Kullum in ta ajiye mini tuwo sai ta ce, "Ci, ɗana, ka girma." In na makara a majalisa ta aiko a ce uwata na kira.

Har yau masu tafiya sukan zo neman shawara, ni kuma ban fasa bayarwa ba, hali zanen dutse. Sai dai na taƙaita ta. In ka je ƙasar da ba ka jin bakinsu, aka ce ga tafinta, ka karɓa hannu biyu. In kuwa dole sai ka amsa abin da ba ka gane ba, to, ka ce a'a. Ban taɓa jin wanda a'a ta aurar wa matar amininsa ba.